DATTAWAN KASUWA DA NA'URORIN ZAMANI: ABIN DA AKE GANI A GUDU

ABUJA. A kasuwar Gudu, wadda ke daura da unguwar Apo a birnin tarayya, ciniki yakan kasu kashi biyu a shaguna da dama. Maigida shi ke yanke farashi, shi ke cewa albarka ko ya sallama, shi ya san asalin kaya da kuma mutumin da ya cancanci a ba shi bashi. Amma da zarar an zo wajen biyan kuɗi, sai ya juya ya kira yaron shago, domin wayar da kuɗin ke shiga tana hannun yaron, shi ne kuma ya san yadda ake sarrafa na'urar POS. Masu harkar banki sukan ɗauki wannan a matsayin rashin wayewar tsofaffi, abin da a ganinsu zai gushe da kansa. Al'amarin ya wuce nan, kuma ya shafi aljihun duk wani mai hulɗa da waɗannan dattawa, ko ɗan kasuwa ne, ko ma'aikacin banki, ko magajinsu.

Gudu tana cikin gundumomin kashi na biyu na tsarin ginin Abuja, birnin da gwamnatin tarayya ta tare a cikinsa ran 12 ga watan Disamba, 1991. An san kasuwarta da kayan gyaran mota da tayoyi da kayan wutar lantarki, ga kuma matattarar kanikawa ta Apo a kusa da ita. Kayan sukan zo ne daga manyan kasuwannin kudu irin su Ladipo a Legas da Nnewi a jihar Anambra, masu saye kuwa daga ko'ina suke, har da direbobi da masu motocin haya na jihohin arewa. Mutumin da ya buɗe shago a Abuja yana ɗan shekara 30 lokacin da gwamnati ta tare, yau ya ba shekara 60 baya. Irin waɗannan mutane ne ke riƙe da jari da suna a kasuwa, su ne kuma ake cewa suna gudun na'ura.

To, amma tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Ɗan kasuwar ƙasar nan bai taɓa ƙin sabon abu ba muddin ya ga amfaninsa. Lokacin da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya riga ya manyanta a fataucin goro da cinikin gyaɗa, ya kai ajiyar kuɗin azurfa har kayan raƙumi 20. Dattawan yau su ne samarin da suka rungumi rediyo da kaset. Su ne kuma suka yi layi a 2001, sa'ad da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, suka sayi layin wayar tafi-da-gidanka a kan Naira dubu 20 ko fiye, a lokacin da duk layukan da kamfanin NITEL ke da su a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Mai sayar da kayan mota wanda a dā sai ya hau motar dare zuwa Legas don ya ji farashi kawai, bai bukaci wani ya yi masa lacca a kan amfanin waya ba.

Haka nan manhajar WhatsApp ta samu karɓuwa wajen tsofaffi fiye da yadda ake zato, musamman bayan da aka shigo da saƙon murya cikin 2013. Dattijon da bai iya rubutun boko da sauri ba, ko wanda karatunsa na allo ne, yana iya danna wuri ɗaya ya faɗi abin da ke bakinsa, abokin cinikinsa ya ji muryarsa ya gane shi. Bakanike ya ɗauki hoton ƙarfen da ya lalace ya aiko, a duba a shago, a amsa masa nan take. A nan babu gardama tsakanin tsoho da yaro.

Gardamar tana tasowa ne a inda na'ura ta shiga tsakanin mutum da kuɗinsa. Tambayar dattijo ɗaya ce tak: in kuɗin nan suka ɓace, wa zan kama? Duk na'urar da ta ƙara masa iko a kan harkarsa yana maraba da ita. Wadda kuwa ta ɗauke iko daga hannunsa ta kai wani wuri da ba ya gani, yana ɗari-ɗari da ita. Yana da dalilansa, kuma ba a littafi ya karanta su ba.

Cikin watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun Naira ba zato ba tsammani, ta rufe kan iyakokin ƙasa, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu su canja kuɗinsu. Naira dubu 5 kawai aka yarda a canja wa mutum hannu da hannu, abin da ya haura sai a ajiye a banki tare da takardar rantsuwa. Fatake da yawa da ke wajen ƙasa ko cikin ƙauyuka sun wayi gari da takardun da ba su sayen ko gishiri. Wannan ya koya wa mutane cewa kuɗin gida ma ba su tsira ba. Sai dai shekaru goma bayan haka banki ya koya musu nasa darasin, wanda ya fi ɗaci. A farkon shekarun 1990 kamfanonin ba da ruwa mai tsoka suka yi ta durƙushewa da ajiyar mutane. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja mai lamba 18 don hukunta waɗanda suka karya bankuna, sa'an nan cikin watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988, a wancan lokaci Naira dubu 50 ne iyakar abin da take lamunce wa mai ajiya, komai yawan abin da ya zuba. Sauran sai a jira a sayar da kadarorin bankin, jiran da wasu suka mutu suna yi. Bankin Savannah ya bi sahu a 2002. Garambawul ɗin Farfesa Charles Soludo na 2004 zuwa 2005, wanda ya wajabta wa kowane banki jarin Naira miliyan dubu 25, ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25.

An dai samu ci gaba tun daga lokacin. A 2024 NDIC ta ɗaga lamunin zuwa Naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage cikin watan Yuni na shekarar, da wannan sabon ma'auni aka biya mutane. Amma Naira miliyan 5 ba ta cika shagon taya ba a yau. Kuma dattijon da ya ga abin da tsarin MMM ya yi wa 'ya'yansa masu ilmin zamani cikin Disamba na 2016, da wuya a gamsar da shi cewa ilmin na'ura kariya ne daga asara.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a cika kawo shi cikin lissafi ba. Musulmi da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwa sun daɗe suna ƙyamar banki saboda kuɗin ruwa. Sai a watan Janairu na 2012 ne bankin Jaiz ya fara aiki da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano. Wanda ya shafe shekara 40 yana nesa da banki saboda aƙida, ba a rana ɗaya zai saba da bankin da ke cikin waya ba.

Ya kamata a yi bayanin yadda kuɗi ke tafiya ta waya, domin a nan ne shakkar take. Idan mai saye ya tura kuɗi daga bankinsa zuwa wani banki daban, saƙon yana bi ne ta hannun kamfanin NIBSS, mallakar Babban Bankin Nijeriya da bankunan kasuwanci, wanda ya fara tsarin biya nan take cikin 2011. Bankin mai saye ya zare kuɗin, NIBSS ya isar da umurni, bankin mai sayarwa ya zuba a asusunsa, sa'an nan kamfanin waya ya kawo saƙon sanarwa, watau alat. Hannu huɗu ke nan, kuma kowanne yana iya samun tangarɗa. Sau da yawa akan zare kuɗi a can, ba su iso nan ba. Mai saye ya nuna shaida a wayarsa yana rantsuwa, mai shago ya duba tasa bai ga komai ba, ga kaya an riga an ɗaure. Babu maƙaryaci a cikinsu, amma dole ɗaya ya yi haƙuri. Daɗin daɗawa 'yan damfara sun gano wannan kafa, suna ƙirƙirar alat na bogi ko hoton rasidin ƙarya, kuma dattijon da idonsa ya fara rauni shi ne abin farautarsu. A tsabar kuɗi kuwa, in an ƙirga an miƙa, magana ta ƙare.

Sai kuma 'yan kuɗaɗen da ake yanka. Dokar kuɗi ta 2020 ta tabbatar da harajin Naira 50 a kan duk Naira dubu 10 ko fiye da aka tura, a 2021 kuma aka sanya Naira 6.98 a kan amfani da lambobin banki na ƙaramar waya. Ga kuɗin alat, ga kuɗin kula da kati, ga ladan mai POS. Ga matashi waɗannan ba komai ba ne. Mutumin da ya tara jarinsa da kwabo da sule kuwa, ganin ana taɓa masa ajiya ba tare da an tambaye shi ba yana ɓata masa rai fiye da yawan abin da aka ɗiba.

Babban Banki ya daɗe yana ƙoƙarin raba jama'a da tsabar kuɗi. A zamanin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi aka fara shirin a Legas cikin 2012, aka faɗaɗa shi zuwa Abuja da Kano da wasu jihohi a watan Yuli na 2013. Lambar BVN ta zo a watan Fabrairu na 2014, kuɗin eNaira kuma a watan Oktoba na 2021, ko da yake wannan na ƙarshe bai samu kasuwa ba ko a wajen matasa. Duk waɗannan lallashi ne. Tilas ta zo ne ran 26 ga watan Oktoba, 2022, lokacin da gwamnan bankin na wancan lokaci, Mista Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka sa ranar 31 ga Janairu, 2023 ta zama wa'adi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗi, sababbi kuwa suka ƙi wadata. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a suka faɗo ƙasa da Naira tiriliyan 1 a watan Fabrairu. Aka kwana a layin na'urar ATM, masu POS suka shiga sayar da Naira da Naira, aka farfasa wasu rassan banki a kudancin ƙasar. Manhajojin bankuna da aka ce kowa ya koma kansu suka kasa ɗaukar nauyin. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara, sa'an nan a watan Nuwamba ta cire wa'adin ɗungurungum.

Ga dattawa, wannan 1984 ce ta dawo, har shugaban ƙasar ma shi ne dai na wancan karo. Abin lura shi ne sakamakon ya zo ta fuska biyu masu karo da juna. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi rantsuwa ba za su karɓi taransifa ba sun karɓa, don ba yadda za su yi, kuma ba su daina ba. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay sun samu shiga kasuwanni a wannan lokaci, saboda saƙonsu yana isa da sauri. Alƙaluman NIBSS sun nuna kuɗin da aka tura ta tsarin biya nan take sun tashi daga kimanin Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023. Amma da kuɗi suka sake wadata, jama'a suka kwashe su suka mayar gida. A ƙarshen 2024 kuɗin da ke yawo sun haura Naira tiriliyan 5, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna wajen bankuna, watau abin ya fi yadda yake kafin a fara. Faɗuwar darajar Naira tana da hannu a wannan hauhawa, amma ba ita ta hana kuɗin komawa banki ba. Mutane sun koyi aiki da na'urar, yardarsu da ita ce ba ta ƙaru ba. A ganinmu wannan ita ce babbar asarar da shirin ya jawo, kuma za a daɗe ana biyan ta.

A Gudu akwai wata fuskar ta daban, wadda ta shafi kayan da ake sayarwa su kansu. Bakaniken da ya koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, da kunne yake gane ciwon mota. Ya saurari inji, ya taɓa kafireto, ya duba fulogi, ya faɗi abin da za a sayo. Motocin da ake shigowa da su yanzu daga Amurka da Turai suna da akwatin ƙwaƙwalwa mai sarrafa mai da wuta, kuma tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota wata kafa da ake jona na'urar bincike, ta fito da lambar matsalar. Kayan gyara ma yanzu da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 ake tantance su, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da inji iri biyu ko uku. Tsohon bakanike yakan ce na'urar ba ta gyara mota, kuma da gaskiyarsa: tana nuna inda ciwo ya bayyana ne, ba lalle ta nuna sanadinsa ba, kuma an sha canja ƙarfe mai lafiya saboda yaro ya karanta lamba bai fahimce ta ba. Sai dai wanda ya ƙi ta baki ɗaya, motocin manyan ma'aikatan Abuja sun wuce shi. Garejin da ya fi samun aiki shi ne wanda ya haɗa kunnen tsoho da na'urar yaro.

Wannan haɗin gwiwa shi ne kuma inda hatsarin yake idan aka koma kan kuɗi. A tsarin kasuwa na gargajiya, ko na maigida da yaransa a wajen Hausawa, ko na koyon sana'a a wajen Ibo inda yaro ke hidima shekaru kafin a sallame shi da jari, maigida ne ke riƙe da mabuɗin akwati. Yau mabuɗin ya zama lambar sirri guda huɗu ko shida, kuma sau da yawa yaro ne ya zaɓe ta. Akwai shagunan da asusun da ake karɓar kuɗin ciniki da sunan yaron aka buɗe shi, saboda shi ke da BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN a kusa ranar da mai tallan na'urar ya zo. A idon doka, kuɗin da ke cikin wannan asusu na mai sunan ne. Idan aka ɓata, ko yaron ya tafi, ko ya riga maigida rasuwa, sai an kai ruwa rana kafin a tabbatar da mai dukiya. Yawancin yaran amintattu ne, amma shari'a ba ta aiki da zato.

Matsalar gado ta fi wannan girma. A dā idan attajiri ya rasu, akan buɗe akwatinsa da littafin bashinsa a gaban shaidu, a san abin da yake bi da wanda ake bin sa. Musulmi sun san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Yanzu kuwa rabin lissafin yana cikin saƙonnin murya a wayar da ke kulle, kuɗin kuma suna warwatse a asusu uku ko huɗu waɗanda iyali ba su san da su ba. Banki ba ya sakin ajiyar mamaci sai da takardar kotu, kuma magada ba za su nemi abin da ba su san yana nan ba. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a watan Yuli na 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa wani asusun amana a Babban Bankin. Mai haƙƙi yana iya nema daga baya, in ya sani.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. Indiya ta soke manyan takardun kuɗinta a dare ɗaya cikin Nuwamba na 2016, ta sha irin wahalar da muka sha. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen barin tsabar kuɗi, sai da ta kafa doka ta tilasta wa manyan bankuna su ci gaba da samar da su, saboda tsofaffi da mazauna karkara. A Kenya kuwa tsarin M-Pesa, wanda aka fara a 2007, ya shiga hannun tsofaffi ba tare da tilas ba, don yana aiki a ƙaramar waya kuma akwai wakili a unguwa wanda aka san fuskarsa. Wannan ne ma sirrin mai POS a nan gida. Dattijo ya fi son ya biya lada ya karɓi kuɗi daga hannun yaron da ya san mahaifinsa, da ya tsaya gaban ATM da ba ta jin magana.

Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan ƙasar nan ba su hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a arewa maso yamma kuwa adadin ya kai kashi 47. Harshe yana cikin dalilan. Takardun Naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da rubutun ajami, wanda aka cire daga ƙananan takardu a 2007, don haka malamin allo yana karanta kuɗin da ke hannunsa. Manhajar banki kuwa yawanci da Turanci take, da ƙananan haruffa, kuma takan sauya fasali bayan 'yan watanni, sai wanda ya haddace inda zai danna ya koma ɗan koyo. Bankin da ya fara kawo manhaja mai magana da Hausa, mai manyan haruffa, wadda ba ta sauya kamanni kullum, zai samu masu ajiyar da suka fi matasa kuɗi nesa ba kusa ba.

Kafin nan, akwai abin da shaguna masu tsari suke yi wanda bai bukaci maigida ya zama gwanin na'ura ba. Asusun ciniki yana ɗauke da sunan shago ko na maigida, layin da alat ke shiga yana cikin wayarsa ko da ƙarama ce, yaro kuma yana karɓar kuɗi amma ba shi da ikon fitarwa. Ba a sakin kaya a kan hoton rasidi, sai an ga kuɗin a cikin asusu. Littafin takarda yana nan yadda yake, ana rubuta kowane ciniki da yamma a gwada shi da abin da na'ura ta nuna, sunayen bankuna da lambobin asusu kuma suna rubuce a wurin da babban ɗa ko wani amini ya sani. Idan kuɗi suka maƙale, ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ba bankuna sa'o'i 72 su warware matsalar POS. Wanda ya kai kuka bankinsa a rubuce aka yi mako biyu ba a share masa hawaye ba, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin, wanda hedkwatarsa ke tsakiyar birnin Abuja, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Gudu.